Wa ke da iko a kan ikilisiya: fasto, majalisa, ko mai fili?

"Baba Rabaran, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ne magatakarda a wata ikilisiya da ke bayan garin Jos. Majalisarmu ta sama ta aiko da takarda cewa an canja wa fastonmu wurin aiki, bayan ya yi shekara tara tare da mu. A hannunsa muka tashi daga rumfar kwano har muka gina majami'a. Shi ya ce Allah bai ce masa ya tafi ba, ya kuma yi wa'azi cewa kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Majalisa ta sake rubutowa cewa duk wanda ya ƙi umarninta ya yi wa Allah tawaye. Dattawanmu sun rabu biyu. Tsohon da ya ba da filin ya ce in an matsa mana mu ɓalle mu tsaya da ƙafarmu, ai filinsa ne. Yanzu an ce in rubuta takardar ƙin amincewa in sa hannu. Baba, kowa sunan Allah yake kira. Bisa ga Littafi Mai Tsarki, wa ke da iko a kan ikilisiya? In mun bi majalisa, mun ci amanar fastonmu ke nan? In mun ɓalle, mun fita daga hannun Allah?"

Ɗana, na amsa gaisuwarka, Ubangiji ya ƙara maka hikima. Ka yi daidai da ka tsaya ka yi tambaya kafin biro ya taɓa takarda, domin takardar da aka sa wa hannu da hatimi takan daɗe a duniya fiye da fushin da ya sa aka rubuta ta.

Yadda na fahimci maganarka, hannuwa uku ne a kan ikilisiyarku. Fasto yana riƙe da ita saboda kiransa da wahalar da ya sha, majalisa tana riƙe da ita saboda tsari, tsoho kuma saboda fili. Kai kana so ka san wane hannu ne na Allah. Zan amsa maka daga Nassi da kuma abin da na gani a shekarun da na yi ina kiwon ikilisiyoyi da koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki. Amma ka sani bakinka kaɗai na ji, ban zauna da fastonku ba, ban kuma zauna da majalisarku ba, don haka ba shari'a zan yanke muku ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka ma'aunin.

Mai ikilisiya yana nan da ransa

Wurin da ya fi kyau mu fara shi ne surori uku na farkon Wahayin Yahaya. Yahaya yana tsare a tsibirin Batmusa, wajen shekara ta 95 bisa ga abin da magabatan ikilisiya suka gaya mana, sai ya ga fitilu bakwai na zinariya, ya ga kuma wani kamar Ɗan Mutum yana tsakiyarsu, da taurari bakwai a hannunsa na dama. Ba a bar mu da kintace ba, sura ta 1 aya ta 20 ta faɗa a fili cewa fitilun nan ikilisiyoyi ne: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadelfiya da Lawudikiya. Garuruwa ne na gaske a yammacin ƙasar da ake kira Turkiyya yau, Samirna ma ita ce birnin Izmir na yanzu. Kowace tana da shugabanninta, tana da rigingimunta, wasu suna da kuɗi wasu ba su da ko sisi.

Ka lura da abin da Yesu yake yi a wurin. Sura ta 2 aya ta 1 ta ce yawo yake yi a tsakanin fitilun. Bai kafa ikilisiya ya koma sama ya bar wa mutane gādo su raba ba. Kowace wasiƙa cikin bakwai ɗin tana ɗauke da kalmar "na sani": ya san ayyukansu, ya san wahalarsu, ya san inda suke zaune. Shi yake yabo, shi yake tsawatawa, shi kuma ya gaya wa Afisa cewa in ba ta tuba ba zai zo ya kawar da fitilarta daga inda take. Ba majalisa ce ta faɗi wannan ba, kuma babu wani mai fili a Afisa da zai iya hana shi. Ga Filadelfiya kuwa ya bayyana kansa a matsayin mai riƙe da mabuɗin Dawuda, wanda in ya buɗe ba mai rufewa, in ya rufe ba mai buɗewa. Wannan magana daga Ishaya 22:22 ta fito, inda aka ɗora wa Eliyakim mabuɗin gidan sarki a kafaɗa, wato shi ke da ikon cewa wa zai shiga wa zai fita.

Sauran Sabon Alkawari bakinsa ɗaya da wannan. A Matiyu 16:18 Yesu ya ce shi zai gina ikilisiyarsa, ya kira ta tasa. A Matiyu 28:18 ya ce an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa, sa'an nan ya aiki almajirai. Afisawa 1:22 da Kolosiyawa 1:18 sun kira shi kan ikilisiya, ita kuwa jikinsa. Da Bulus yake ban kwana da dattawan Afisa a Militas, ya tuna musu cewa da jini aka sayi garken nan (Ayyukan Manzanni 20:28). Wanda ya biya kuɗin abu shi ne mai shi. Fastonku ya yi gumi, tsohon ya ba da fili, majalisa ta sa suna da tsari, ku kuma kun yi baiko kun ɗauki bulo a ka, amma a cikinku duka ba wanda ya zubar da jini saboda ita. Shi ya sa Bulus ya tambayi Korantiyawa, da suka rabu wannan na Bulus wancan na Afolos, ko Bulus ne aka gicciye dominsu.

To, ikon mutane fa?

Wani zai ji wannan ya ce ashe ba wanda zai ba ni umarni sai Yesu. Wannan ma kuskure ne, kuma na ga ya rushe ikilisiyoyi ba kaɗan ba. Yesu ɗin nan da yake yawo tsakanin fitilu shi ne ya ba ikilisiya makiyaya da masu koyarwa (Afisawa 4:11). Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ikilisiya da suka kafa. An bar Titus a tsibirin Karita musamman don ya gyara abin da ya rage, ya naɗa dattawa gari gari. Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi wa shugabanni biyayya, a miƙa kai gare su. Ba na so ka rage wa ayar nan ƙarfi ko kaɗan.

Sai dai ka karanta ta har ƙarshe. Dalilin biyayyar shi ne suna tsaron rayukanku a matsayin waɗanda za su ba da lissafi. Ka san yaron shago a kasuwar Taminus da ke Jos. Mabuɗi yana hannunsa, shi yake buɗewa da sassafe, shi yake ciniki, in ya ce wa ɗan dako sauke nan, nan za a sauke. Ikonsa na gaske ne, wanda ya raina shi ya raina maigida. Amma da yamma zai zauna gaban maigida da littafi, kuma ranar da ya fara cewa shagona, ya canja kwaɗo, ranar ya zama ɓarawo ko da shi ya ninka jarin. Haka ikon fasto yake, haka na dattawa, haka na majalisa har zuwa hedikwata. Amana ce, kuma 1 Korantiyawa 4:2 ta ce abin da ake nema ga mai riƙon amana shi ne a same shi da aminci.

Nassi ya kuma shata wa wannan iko iyaka. Bitrus ya ce wa dattawa su yi kiwon garken Allah ba da tilas ba, ba don ƙazamar riba ba, ba kuma da nuna sarauta a kan waɗanda aka ba su ba, domin akwai Sarkin Makiyaya da zai bayyana (1 Bitrus 5:1-4). Bulus ya ce ikon da Ubangiji ya ba shi na ginawa ne, ba na rushewa ba (2 Korantiyawa 10:8). Yesu kansa ya nuna wa almajirai yadda masu mulkin al'ummai suke danne mutanensu, ya ce kada ya zama haka a tsakaninsu (Markus 10:42-45). Ezekiyel 34 kuwa, duk mai sa kwala a wuya ya kamata ya riƙa karanta ta yana rawar jiki: Allah ya ce yana gāba da makiyayan da suke kiwon kansu, zai kuma karɓe tumakinsa daga hannunsu.

Ayoyi biyu da aka ɗora wa kayan da ba nasu ba

Bari in fara da ta fastonku, domin ita ce na fi ji ana jefa wa masu bi daga bagade a 'yan shekarun nan. Maganar kada a taɓa shafaffu tana Zabura 105:15, an kuma maimaita ta a 1 Tarihi 16:22. Ka buɗe ka karanta daga aya ta 8. Labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu ake yi, sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan. Allah ya tsawata wa sarakuna saboda su, kamar yadda ya yi wa Fir'auna da Abimelek. Wato gargaɗi ne ga masu ƙarfi kada su cuci marasa ƙarfi na Allah. Babu inda ayar ta ce kada a yi wa shugaba tambaya, ko kada a canja masa wurin aiki.

Wasu sukan kawo Dawuda da Saul. Gaskiya ne Dawuda ya ƙi kashe Saul a cikin kogo, ya ce ba zai miƙa hannunsa a kan shafaffe na Ubangiji ba. Amma hannun kansa ya kame da wannan magana, bai rufe bakin kowa da ita ba. Da Saul ya fita, Dawuda ya bi shi a baya, ya rusuna, ya ɗaga ƙyallen rigar da ya yanka, ya faɗa masa laifinsa a gaban jama'a (1 Sama'ila 24). Bayan shi kansa ya zama sarki, Natan ya shigo ya ce masa kai ne mutumin, Dawuda bai ce kada a taɓa ni ba, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. A Sabon Alkawari kuma Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya (Galatiyawa 2:11). Akwai kariya ga shugaba, 1 Timoti 5:19 ta hana a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku, amma aya ta gaba ta ce wanda ya nace da zunubi a tsawata masa a gaban kowa. Ban da haka 1 Yahaya 2:20 ta ce dukan masu bi suna da shafewa daga wurin Mai Tsarki. Gwauruwar da ke share majami'arku ranar Asabar ita ma shafaffiya ce, kuma fasto ya ji tsoron taɓa ta.

Ita ma majalisa ta wuce gona da iri. Cewa duk wanda ya ƙi umarninta ya yi wa Allah tawaye magana ce da ta fi ƙarfin bakin kowace majalisa, in ba a sa mata sharaɗi ba. Majalisar Yahudawa ce ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya amsa cewa dole a yi wa Allah biyayya fiye da mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Ka dubi kuma yadda taron Urushalima ya yi aikinsa a sura ta 15. An yi doguwar muhawara, an saurari Bitrus, an saurari Barnaba da Bulus, Yakubu ya kawo Nassi daga annabi Amos, sa'an nan aka rubuta takarda. Ba su aika da takarda ita kaɗai ba. Sun haɗa ta da mutane biyu masu daraja, Yahuza da Sila, don su yi bayani da baki. Da aka karanta ta a Antakiya jama'a suka yi murna saboda ƙarfafawar da ke ciki. Takardar da ta bar ikilisiya cikin tsoro da rabuwa, ba a kuma biyo ta da ƙafa ba, ba ta bi wannan gurbi ba. In da ina cikin majalisarku da na ce mu sa takalmi mu je.

Shi canjin wurin aiki

Duk da abin da na faɗa a kan salon majalisa, a kan ainihin maganar ina ganin ita ke da gaskiya, sai in akwai wani abu da ba ka gaya mini ba. Ga dalilina.

Littafi Mai Tsarki bai ba mu tsarin mulkin ikilisiya guda ɗaya dalla dalla ba, shi ya sa a cikin Jos kaɗai za ka ga iri iri. Katolika da Angalikan suna da bishop wanda yake tura ma'aikata. A Baptis ikilisiyar wuri ita take kiran fastonta. Ɗarikun ECWA da COCIN, waɗanda hedikwatocinsu duka suna nan garin, majalisu suke da su hawa hawa, daga ta ikilisiyar wuri zuwa ta gunduma ko ta yanki, wato DCC ko RCC, har babbar majalisa ta ƙasa. Kowanne yana da ayoyin da yake dogara da su, kuma a kowanne na san bayin Allah na gaske. Abin da ya shafe ku shi ne wanda kuka shiga da yardarku. Ranar da aka naɗa fastonku ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin bin tsarin ɗarikarsa. Majalisar nan ce ta kawo muku shi shekara tara da suka wuce, kuma wani ne ya kwashe kayansa ya ba shi wuri. A ranar bai ce sai Allah ya yi masa magana shi kaɗai ba, ya karɓi takardar a matsayin jagorar Allah. Hannun da ya kawo shi ne yake ɗauke shi.

Ba na raina maganarsa cewa Allah bai ce masa ya tafi ba. Na san abin da ake ji. Ni ma an taɓa ɗauke ni daga wurin da nake ƙauna a tsakiyar zangon karatun yara, na tsaya ina kallon ana ɗaure katifu da buhunan masara a bayan mota, uwargida tana kallon lambun da ta shuka wanda wata za ta girbe. Ba abu ne mai sauƙi ba. Amma a cikin Nassi kiran Allah ga ma'aikaci yakan zo ta bakin ikilisiya. A Ayyukan Manzanni 13 Ruhu Mai Tsarki ya yi wa shugabannin Antakiya magana suna cikin sujada da azumi, suka ɗora wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, hannu suka sallame su, alhali su ne gwanayen malamansu. Timoti da Titus sun yi ta tafiya inda aka aike su. Bulus ya yi shekara uku a Afisa, da zai tafi dattawa suka rungume shi suna kuka, shi kuwa ya danƙa su ga Allah da maganar alherinsa. A wannan jawabin ne ya gargaɗe su cewa daga cikinsu wasu za su tashi su jawo almajirai zuwa ga kansu. Mai wannan halin yana da suna a 3 Yahaya: Diyotarifis, mai son zama na fari, wanda ba ya karɓar 'yan'uwan da aka aiko, yana kuma korar masu son karɓarsu. Ban ce fastonku shi ne ba. Na ce hanyar da ya sa ƙafa a kai can take kaiwa, kuma masu ƙaunarsa ne ya kamata su riƙe masa riga.

Tarihinmu ma shaida ne. Turawan mishan Gowans da Kent da Bingham sun sauka a ƙasar nan a 1893, biyun farko sun mutu cikin shekara guda ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Wani ɗan mishan, Karl Kumm, da abokansa sun kafa zango a Wase a 1904. A 1938 aka naɗa Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, fastocin farko 'yan ƙasa a wannan yanki. An kafa ECWA a 1954, tarayyar ikilisiyoyin da muke kira TEKAN yau ta kafu a 1955. Duk waɗannan mutane sun shuka sun wuce, wasu suka yi ban ruwa, aikin bai mutu ba. Ikilisiyarku ma ba za ta mutu don mutum ɗaya ya koma wani wuri ba, in kuwa za ta mutu, to a kansa aka gina ta, kuma gara a gane haka tun yanzu.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Wani lokaci akan yi canji don a hukunta fasto mai faɗin gaskiya, ko don a ba ɗan gida wuri mai maiƙo, ko saboda ƙabilanci, cutar da ta daɗe tana cin mu a Filato. In kuna da shaida cewa haka ne, kuna da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa majalisa ta gaba, kuma yin haka ba tawaye ba ne. Amma shaida nake nufi, ba an ce wai ba.

Fili, ɓallewa, da ikilisiya mai aminci

Tsohon nan ku girmama shi, ya yi abin da da yawa ba za su iya ba. Sai dai abin da aka ba Allah an bayar. Bitrus ya gaya wa Hananiya cewa kafin ya sayar da gonarsa tasa ce, ba wanda ya tilasta masa. Ikon mutum a kan kayansa yana nan har ranar da ya miƙa, daga nan ya fita hannunsa. Galibi kuma kadarorin ɗarika suna ƙarƙashin sunan amintattun da aka yi wa rajista da hukuma, saboda haka ɓallewa da gini kotu take kaiwa, abin da 1 Korantiyawa 6 ta kira hasara tun kafin alƙali ya buɗe baki.

Na taɓa zuwa sulhu a wata ikilisiya da ta bi wannan hanya. Safiyar Lahadi ce cikin hunturu, irin sanyin nan namu mai shiga ƙashi. Kwaɗo biyu ne a ƙofar majami'a, kowane ɓangare ya sa nasa. Matan zumunta suna tsaye a waje cikin anko, sun ajiye tulunan kiɗa a ƙasa, wata tsohuwa ta lulluɓe jikanta da gefen zaninta. Yaran makarantar Lahadi suna zaune a kan bulon da aka saya don ginin gidan fasto, suna kallon iyayensu maza suna nuna wa juna yatsa, maƙwabta kuma sun leƙo ta katanga. Daga baya an sasanta, an cire kwaɗunan. Amma samari da yawa da suka ga wannan safiya ba su ƙara taka kowace majami'a ba, kuma har yau in na tuna da su zuciyata takan yi nauyi.

Ka tambaya ko ɓallewa fita ce daga hannun Allah. Ba sunan ɗarika ke ceto ba, kuma akwai lokacin da fita take zama dole: in an kawo wata bishara dabam, wadda Galatiyawa 1:8 ta ce ko mala'ika ne ya kawo ta a ƙi shi, ko in an tilasta muku yin zunubi, ko an hana ku shelar Kristi, kun kuma bi duk hanyoyin gyara sun toshe. Ko a nan ma, fita ake yi da baƙin ciki da hannu wofi. Canjin fasto bai kai nan ba, bai ma kusa ba. Ka dubi Sardisu, wadda Yesu ya ce tana da suna mai rai amma matacciya ce. Akwai 'yan kaɗan a ciki da ba su ƙazantar da tufafinsu ba, kuma bai ce musu su fita su kafa tasu ba. Amintattun Tayatira ma, inda ake ƙyale annabiyar ƙarya tana koyarwa, abin da ya ce musu shi ne su riƙe abin da suke da shi kankan har ya zo.

Cikin bakwai ɗin, biyu ne kaɗai ba a tsawata musu ba, Samirna da Filadelfiya. Samirna matalauciya ce, ana tsananta mata, an ce mata ta yi aminci har mutuwa. Ta kuwa yi, domin a garin ne aka kashe tsohon bishop ɗinta Folikaf wajen shekara ta 155 saboda ya ƙi zagin Kristi. Filadelfiya ƙarfinta kaɗan ne, yabonta shi ne ta kiyaye maganarsa, ba ta yi musun sunansa ba. Mu a Jos ba baƙi ba ne ga wannan. Bayan rikicin 7 ga Satumba 2001 ikilisiyoyi da dama sun rasa gine-ginensu suka koma sujada a ajin makaranta. A 2012 aka kai harin bam a majami'ar hedikwatar COCIN ranar 26 ga Fabrairu, aka kai na St. Finbarr's a Rayfield ranar 11 ga Maris, duk da haka Lahadi bayan Lahadi mutane suka ci gaba da zuwa, ana duba jaka a ƙofa, an tare titi da duwatsu da ganguna. Abin da bam bai watsa ba, ina jin ciwo in ga takardar canji tana neman watsawa.

Lawudikiya kuwa gari ne na masu kuɗi. Da girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60, mutanensa da kuɗinsu suka sake gina shi, ba su nemi taimakon Roma ba. Ikilisiyar ta ɗauki halin garin, tana cewa ita mawadaciya ce ba ta bukatar kome. A ƙofarta ne Yesu yake tsaye a waje yana ƙwanƙwasawa. Ayar nan ta 3:20 da muke yawan karanta wa marasa bi a wajen bishara, ikilisiya aka rubuta wa. Duk taron da ya fara cewa mu muka gina, muna da fili, muna da baiko, ba ma bukatar kowa, ya zauna ya karanta wasiƙar nan a hankali. Afisa kuma ta riƙe koyarwa daidai, ta gwada manzannin ƙarya ta gane su, amma ta bar ƙaunarta ta fari. Ana iya cin nasara a gardamar tsari a rasa wannan, kuma gargaɗin ya shafi dattawan da ke bayan majalisa kamar yadda ya shafi na bayan fasto.

Game da takardar da aka ce ka rubuta

Shawarata, ɗana, kada ka sa hannu a takardar ƙin amincewa. Aikin magatakarda shi ne ya rubuta abin da zama ya yanke, kuma kai da bakinka ka ce dattawa sun rabu biyu. In babu matsaya ɗaya da aka rubuta a littafin taro, ba ka da abin da za ka aika da sunan ikilisiya. Ka faɗa musu haka cikin ladabi, ba a gaban jama'a ba.

Amma kada ka tsaya a kan a'a. Ka ce kana shirye ka rubuta wata takarda wadda ɓangarorin biyu za su iya sa wa hannu: a gode wa majalisa, a faɗi yadda ikilisiya take ƙaunar fastonta da abin da take tsoro in ya tafi, a roƙi a aiko da wakilai su zo su zauna da dattawa, a kuma roƙi a ba shi lokaci, ko zuwa ƙarshen zangon karatu ko bayan girbi. Majalisu da yawa sukan ji roƙo irin wannan, ko da ba za su janye canjin ba. A rubuta kuma a ciki cewa ikilisiya za ta bi abin da aka yanke bayan an saurare ta, domin wannan layin ne zai nuna roƙo kuke yi.

Sa'an nan ka nemi dattijo ɗaya wanda fasto yake jin maganarsa, ku je gidansa da yamma. Ku tambaye shi lafiyar iyali da abin da ke damunsa game da sabon wurin. Sau da yawa abin da ke ƙarƙashin wa'azin nan mai zafi tsoro ne: kuɗin makarantar yara, rashin lafiyar uwargida, bashin da ya ci saboda ginin, ko jin cewa an yar da shi bayan ya gama aiki. Wasu daga cikin waɗannan ikilisiya tana iya ɗauke masa, kuma nan ne amanarku gare shi take. In akwai albashinsa da ya maƙale a biya shi duka, a yi masa sallama ta mutunci da kyauta mai kyau, uwar zumunta da matanta su tsaya tare da Mama fasto wajen haɗa kaya. Shi ma tsohon mai fili a je masa gida a gaishe shi, a roƙe shi ya zama cikin masu tarbar sabon fasto.

Kafin zaman dattawa na gaba, ka nemi kwafin tsarin mulkin ɗarikarku, ka karanta sashen canjin ma'aikata da na ɗaukaka ƙara da na kadarori, ka duba kuma ko akwai wa'adin kwanaki da aka sa wa ƙorafi don kada ya wuce ku. Ka tafi zaman da shi a hannu tare da littafin taro, ka roƙi mai jagorar zaman a fara da karanta Wahayin Yahaya sura ta 2 da ta 3 gaba ɗaya kafin kowa ya yi magana. In wakilan majalisa sun zo kun zauna, ka sake rubuto mini in ji yadda aka ƙare.